Da mu ake binciken, ko a kanmu? Ma'aunin da ƙungiyar makiyaya za ta iya riƙewa

Duk mai kiwo tsakanin Tasawa da Mayahi ya san masu bincike. Sukan zo da mota da akwatin sanyi da takardun tambayoyi, su ɗibi jinin awaki ko majinar tumaki, su tambayi bisa nawa ta mutu bara, sannan su tafi. Wasu ɗaliban jami'a ne, wasu ma'aikatan gwamnati, wasu kuma na furoje. A matsayina na ma'aikacin lafiyar dabbobi, sau da yawa ni ke nemo jijiya in sa allura, wani lokaci kuma ni ne tafinta. Saboda haka nakan ji maganar kowane ɓangare. Mai bincike yakan ce aikinsa "tare da jama'a" aka yi shi. Makiyayi kuwa abin da yake tambaya shi ne: jinin nan da aka ɗiba, me aka gani a ciki?

Rubuta "tare da jama'a" a rahoto ba ya da wuya. Abin da nake so mu duba shi ne yadda za a auna maganar, kamar yadda ake auna hatsi da tiya a kasuwa, mai saye da mai sayarwa kowa yana kallo.

Ƙirge iri biyu

Rahoton bincike yakan ƙirga garuruwan da aka zaga, da kwalaben jinin da aka tara, da mutanen da suka halarci taro. Alƙaluman gaskiya ne, amma wahalar mai bincike suke aunawa. Mutum 80 za su iya cika ƙofar maigari don an yi shela, su zauna awa biyu, ba wanda aka nemi ra'ayinsa kan abin da ya kamata a bincika.

Masu binciken lafiyar ɗan'adam sun riga mu cin karo da wannan matsala. A Ingila, a 2004, an kafa wata haɗaka mai suna James Lind Alliance, wadda ke zaunar da majinyata da masu jinyarsu da likitoci wuri ɗaya, su fitar da tambayoyi 10 da suka fi buƙatar amsa game da wata cuta. Sau da yawa abin da majinyata suka sa a gaba yakan bambanta da abin da masu bincike suka daɗe suna kashe wa kuɗi. A Amurka ma, a 2010, an kafa cibiyar PCORI, wadda ke neman mai son kuɗin bincike ya nuna yadda majinyata za su shiga aikin tun daga tsara shi.

A fanninmu majinyacin ba ya magana. Akuya ba za ta ce ga inda ke mata ciwo ba. Bakinta shi ne matar da ke tatsar ta, da yaron da ke kai ta daji, da mutumin da zai sayar da ita ranar da rumbu ya ƙare. Kuma akwai cututtukan da ke tsallakowa daga bisa zuwa mutum, irin su ciwon saifa, da haukan kare, da ciwon ɓari da wasu ke kira bakkale. A nan mai bisa shi ma yana iya zama majinyacin.

Abin da bushiya ta koya wa duniya

Kada a ɗauka sauraron makiyayi ladabi ne kawai. Tarihin bushiya ya nuna aiki ne. Wannan annoba ta shanu ta shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ta share garkuna har zuwa ƙasashenmu. A 1962 aka fara babban kamfen na lamba a yankin tafkin Cadi, har da Nijar, cutar ta lafa. Da aka sassauta, sai ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980. Tana samun maɓoya a wuraren da motar gwamnati da firij ba sa kaiwa.

Abu biyu suka taimaka wajen ƙarasa ta. Na farko, wajen 1990 an samar da allurar da ke jure zafi, wadda za ta yi kusan wata ɗaya ba firij. Na biyu, a yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan an horar da makiyaya daga cikin jama'a, suna bin garke a ƙafa ko a kan raƙumi suna yi wa shanu allura. Masu neman cutar kuma suka koyi zama da dattawa suna tambayar sunan cutar a harshensu, da shekarar da ta wuce ta ƙarshe, da hanyar da ta biyo. Da wannan bayani aka gano maɓoyarta ta ƙarshe. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan'adam ya taɓa kawarwa.

Ga wani misali daga maƙwabciyarmu Cadi. Wajen shekarar 2000, masu bincike na Cadi da na Suwizalan sun duba lafiyar makiyaya masu yawo a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Sun tarar yawancin shanu sun samu lamba, amma cikin yaran da suka duba babu wanda ya kammala allurarsa ta rigakafi. Da aka zauna da makiyayan da hukumomi, aka tsara likitan mutane da likitan dabbobi su riƙa fita a mota ɗaya, rana ɗaya. Daga 2000 zuwa 2005 an yi wa dabbobi kusan 150,000 lamba, yara fiye da 4,600 suka kammala allurarsu, kuma kuɗin da ɓangaren lafiyar mutane ke kashewa ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 saboda an raba kuɗin tafiya. Binciken ya yi amfani ne don sakamakonsa ya koma wurin masu shi, aka yanke shawara da su.

Tambayoyi shida

Ga ma'aunin da nake ba ƙungiyoyi shawara su gwada. Tambayoyi shida ne. Kowace a ba ta maki 0 idan ba a yi ba, 1 idan an yi rabi da rabi, 2 idan an yi sosai. Jimilla maki 12.

Ta farko: wa ya zaɓi abin da za a bincika? Idan masu bincike sun iso da tambayarsu a rubuce, ba su nemi jin abin da ke damun garke ba, maki 0. Idan sun saurara amma ba su canza komai ba, 1. Idan za ku iya nuna wani abu da aka ƙara ko aka cire saboda maganarku, 2. Wani binciken dole daga sama yake zuwa, kamar sa ido kan annobar da ta shafi ƙasa baki ɗaya, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma ko shi, ana iya ƙara masa tambaya ɗaya ta mutanen gari. Masu neman ciwon huhu a shanu ba za su rasa komai ba idan suka saurari matan da ƴan awakinsu ke mutuwa da zawo a farkon damina.

Ta biyu: wa aka saurara? A yawancin garuruwanmu awaki na mata ne. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka kafa wa cibiya ta musamman a Maraɗi tun 1963, ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani, da ita ake kayan ɗakin ɗiya, ita ake bayarwa habbanaye. Binciken awaki da aka yi da maza zalla a ƙofar maigari ya tambayi wanda ba shi ke ɗaure akuyar a turke ba. A duba ko an yi zama da mata su kaɗai, ko an ji daga bakin yaran da ke kiwo da makiyayin haya, ko an je rugagen Fulani da zangon Buzaye da ke bin Gulbin Kaba, waɗanda sunansu ba ya cikin littafin kowane maigari.

Ta uku: lokaci da wuri sun dace da kiwo? Kowa ya san da damina manyan garkuna suna arewa, sai an kwashe amfanin gona suke saukowa cin kara da harawa. Wanda ya zo ɗibar jini a watan Agusta a Kanambakashe ko Urafan, bisashen turke zai tarar, kuma abin da ya gani a jikinsu ba zai wakilci garken da ya tafi ba. Haka wanda ya kira taro ranar kasuwa, ko da hantsi lokacin da ake jan ruwa a rijiya. Idan ku kuka sa ranar da wurin, maki 2.

Ta huɗu: an yi bayani, an nemi yarda? Kafin a taɓa bisa, mai ita yana da haƙƙin ya ji, da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, me ake nema, ina za a kai jinin, wa zai ga sunansa, kuma ya san yana iya ƙi ba tare da an hana shi lamba ko tallafi ba. Yardar maigari tana buɗe gari, amma ba ta maye gurbin yardar mai akuya. A gwada haka: bayan masu bincike sun tafi, a tambayi mutum biyar da aka ɗibi jinin bisarsu me ake nema. Idan huɗu ko biyar suka faɗa daidai, maki 2.

Ta biyar: sakamako ya dawo? A nan ne bincike da yawa ke faɗuwa. Jinin yakan tafi ɗakin gwaje-gwaje, galibi LABOCEL a Yamai ko wani reshensa, wani lokaci har ƙasar waje. Gwaji yana ɗaukar lokaci, wannan gaskiya ne. Amma tun ranar farko ana iya faɗin watan da za a dawo da amsa da wanda zai kawo ta. Takarda da Faransanci da aka ajiye a ofis a Maraɗi, wannan maki 0 ne. Saƙo ta waya ga shugaban ƙungiya, 1. Zama a gari, cikin harshen gari, inda za a yi tambaya a samu amsa, 2. Kuma "ba mu ga cutar ba" shi ma sakamako ne, ya kamata a zo a faɗe shi.

Ta shida: me ya canza? Ba kowane bincike ke haifar da magani ba, kuma mai bincike na gaskiya ba ya yin wannan alkawari. Amma bayan shekara ɗaya ya kamata a iya nuna wani abu: an matsar da ranar lamba, an kawo maganin da ya dace kusa, an horar da mataimakin likitan dabbobi a garin, ko mutane sun daina sayen wani magani a kasuwa don an nuna musu ba ya aiki a kan ciwon.

Maza su ba da makinsu daban, mata daban, masu yawo da garke daban. Idan maza suka ba da 10 mata suka ba da 4, wannan tazarar ita ce babban abin da ma'aunin ya gano.

Yadda tsakuwa ke zama alƙalami

Wani zai ce ra'ayin makiyayi ba ya ƙirguwa, don haka ba ya shiga lissafin masana. Yana ƙirguwa. Akwai hanyar da likitocin dabbobi suka daɗe suna amfani da ita a gabashin Afirka da nan yankinmu, wato kasa tsakuwa.

Ana tara tsakuwa 100, ko ƙwayar wake, a ce su ne garkenka na shekarar da ta wuce. Ka raba su biyu: waɗanda suka yi ciwo da waɗanda ba su yi ba. Tarin masu ciwo ka sake kasa shi bisa sunayen cututtuka yadda kai kake kiran su. Kowane kashi kuma ka ware waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi. A ce wata mata ta ware 40 a matsayin masu ciwo, ta sa 25 a kan zawo da majina, daga cikinsu ta ture 15 gefe ta ce sun mutu. Mai bincike ya samu lissafi, ita kuwa ba ta faɗi awakinta nawa ba. Wannan yana da muhimmanci, domin tun zamanin jangali makiyayi ba ya son a ƙirga masa dukiya, kuma tambayar "bisa nawa gare ka" ta fi kowace tambaya jawo amsar da ba daidai ba.

Haka ake zana lokutan shekara a ƙasa, damina da kaka da ɗari da bazara, a kasa tsakuwa a kai don a ga lokacin da kowace cuta ta fi tsanani. Idan aka yi wannan da rukuni goma a garuruwa daban-daban, daga Korgom zuwa Isawan, ba wanda ya ji amsar wani, kuma kason ya yi kama da juna, to bayanin ya samu ƙarfi. Masana suna da lissafin da suke auna wannan daidaito da shi. Saboda haka idan masu bincike suka ce ba su da hanyar sa maganarku cikin alƙaluma, ku tambaye su ko sun san kasa tsakuwa.

Inda sanin makiyayi ke buƙatar ɗakin gwaji

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wani lokaci sai an hau saman ɗakin ake ganin ramin. Suna ɗaya da muke ba ciwo yana iya ƙunsar cututtuka da yawa. A kudancin Sudan makiyaya suna da wani ciwon rama na shanu da suke kira "liei". Da aka haɗa bayaninsu da gwajin jini da na kashi, sai aka tarar sau da yawa cututtuka ne a haɗe, har da sammore da tsutsar hanta. Makiyayan sun yi daidai wajen bayyana alamomin da kuma nuna cewa ciwon ne ya fi cin su. Ɗakin gwaji ne ya nuna cewa magani ɗaya ba zai wadatar ba.

Haka yake a nan. Tari da majina da zawo a akuya yana iya zama PPR, annobar nan ta awaki da tumaki, yana iya zama wani ciwon huhu, ko tsutsar ciki ta haɗu da yunwar bazara. Ido kaɗai ba ya rabe su kullum, nawa ko naku. Don haka ma'aunin nan ba makamin korar masu ɗibar jini ba ne. Muna buƙatar su, kuma suna buƙatar mu.

Abin da ya faru a jihar Tawa a 2016 ya isa misali. A watan Agusta na shekarar, zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Cintabaradan. Mutum fiye da 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya da iyalansu. Wannan cuta takan nuna kanta a garke da ɓari mai yawa da mutuwar ƙananan bisashe, kuma mutum yana kamuwa ta hanyar taɓa jini, ko ɗan da aka ɓarar, ko naman bisar da ta kamu. Wanda ke fara ganin alamar shi ne mai garke. Mutumin da aka saba ɗibar bayaninsa ba a dawo masa da komai ba, ba zai yi gaggawar kai labari ba. Idan kuka ga ɓari ya yi yawa cikin ƴan kwanaki, kada a taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara, a tafasa nono kafin a sha, a sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa a ranar.

Abin da ke gabanmu

A 2015, a Abijan, ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da PPR nan da 2030. Allurarta tana da kyau, sau ɗaya tana kare bisa aƙalla shekara uku. Wahalar ita ce garken awaki yana sabuntawa da sauri: ana haihuwa, ana sayarwa, ana yanka, kowace shekara akwai sababbin da ba su da kariya. Don cutar ta daina yawo ana son aƙalla kashi 70 cikin 100 na garken yanki su samu kariya. Shi ya sa bayan kamfen ake dawowa ɗibar jini, a ga ko lambar ta kama.

Gwajin zai faɗi kashi nawa suka samu kariya, amma ba zai faɗi dalilin da ya sa sauran ba su samu ba. Ko garken yana hanya ranar da aka zo. Ko mata sun ɓoye masu ciki don tsoron ɓari. Ko, inda ake huda kunne a matsayin shaida, an ɓoye ragon da ake turkewa don layya. Ko ba a sanar da ruga ba. Waɗannan amsoshi suna bakinku ne, kuma sai an tambaye ku cikin mutunci za su fito.

Jiharmu tana da abin tinƙaho a nan. A Dakwaro ne, a 2003, aka fara tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa na kusa da jama'a, wanda ake kira SVPP, inda likita ɗaya ke aiki da mataimaka da aka zaɓo daga cikin garuruwa da rugage. Waɗannan mataimaka su ne gadar da ta fi dacewa tsakanin mai bincike da mai garke. Sun san hanya, sun san harshe, kuma suna nan bayan mota ta tafi.

Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya farawa da shi ba tare da kashe ko dala ba sai kuɗin littafi. A ware shafi ɗaya ga kowane bincike. A rubuta ranar zuwa, da sunan ma'aikatar, da lambar wayar shugaban tawaga, da abin da aka ɗiba, da watan da aka ce za a dawo da sakamako. A karanta musu tambayoyin nan shida tun kafin a kama bisa ta farko, don su san da tiyar da za a auna su. Idan watan ya cika shiru, a kira. Bayan shekara a zauna a ba da maki, a aika kwafi ga masu binciken da ofishin kiwo na gunduma. A cikin masu binciken da na yi aiki da su, na kirki suna maraba da irin wannan, domin yana ba su hujjar neman kuɗin komawa gari a cikin kasafin aikinsu.

Mu ma akwai namu nauyin. Wanda ke son a dawo masa da gaskiya, shi ma ya faɗi gaskiya: idan ka riga ka yi wa bisa allura daga kasuwa ka faɗa, domin hakan yana iya canza abin da gwaji zai nuna. Kada a ƙara yawan mace-mace don tsammanin tallafi, kada kuma a ɓoye ciwo don tsoron a rufe kasuwa. Littafin ƙungiya zai yi nauyi a gaban hukuma ne gwargwadon gaskiyar abin da aka rubuta a cikinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiya.